Me Ke Sa Yaro Wasa, Me Ke Zaunar Da Shi?

Hirarmu ta yau a kan yara take. Za mu yi ta ne daga ƙasar Kurfai, wato Filinge da garuruwan da ke kewaye da ita cikin jihar Tilaberi. Amma wanda ke Tawa ko Maraɗi kada ya ce ba da shi ake ba.

Ku dubi kowane gida mai yara da yawa. Za ku ga wani tun da sassafe ƙafarsa ba ta zauna ba: ya hau katanga, ya kori akuya, ya dira daga kan amalanke. Za ku ga kuma wani, uwa ɗaya uba ɗaya da shi, ya jingina da rumbu yana kallo. In aka tambaya sai a ce: "Wancan ɗan ƙiriniya ne, wannan kuwa rago ne, haka Allah ya yi su." Gaskiya ne halitta ta bambanta. Amma masana da suka yi shekaru suna bin girman yara sun gano ba halitta kaɗai ba ce. Akwai abu uku da ke tallabe da motsin yaro kamar yadda duwatsun murhu ke tallabe da tukunya. Na farko iyawa: shin jikinsa ya koyi gudu da tsalle da jifa da cafewa? Na biyu so: shin ransa na kai shi, ko tura shi ake? Na uku daɗi: in ya yi, yana murna ko yana jin kunya? In dutse ɗaya ya goce, kun san abin da ke samun tukunya.

Iyawa ba ta zuwa da kanta

Da yawa daga cikinmu muna zaton yaro na iya gudu da jifa kamar yadda haƙori ke tsiro masa, wato in lokaci ya yi sai su zo. Rabin maganar gaskiya ne. Zama da rarrafe da tsayuwa da tafiya suna da lokacinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta bi jarirai sama da 800 a ƙasashe 5, wato Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Ta ga yaro mai lafiya na zama da kansa tsakanin wata 4 da wata 9, yana kuma tafiya da kansa tsakanin wata 8 da wata 18. Kun ga tazarar na da faɗi. Uwar da ɗanta ya kai wata 14 bai taka ba, alhali na kishiyarta ya taka da wata 10, kada ta tada hankalinta. An ma ga ƴan kaɗan da ba su yi rarrafe ba sam, daga jan gindi sai tsayuwa, kuma lafiyarsu lau.

Ɗaya rabin maganar shi ne koyo. Wani masani Ba'amurke, Charles Super, ya zauna cikin ƙabilar Kipsigis a ƙasar Kenya, ya rubuta abin da ya gani a 1976. Jariransu na riga jariran Amurka zama da tafiya da kamar wata guda. Dalili? Iyayensu mata na koya musu kullum. Sukan yi ɗan rami a ƙasa, su zaunar da jariri ciki, su tokare shi da zane. Sukan kama hannuwansa su sa shi ya taka. Rarrafe kuwa, da ba su damu da koya shi ba, jariransu ba su riga kowa ba. Wace uwa ce a Shikal ko Bonkuku ba ta san wannan ba? Ita ma tana tara rairayi ta zaunar da ɗanta, yayarsa kuma ta kama shi tana yi masa tata. Aikin kirki ne, ku ci gaba da shi.

Inda za mu gyara shi ne goyo. Goyo na da amfani, ba mai musu: yaro na jin ɗumin uwa, wuyansa na ƙarfi, hankalinsa na kwance. Amma yaron da ya wuni a baya daga rijiya zuwa turmi zuwa gona bai sami filin gwada gaɓoɓinsa ba. A 2019 OMS ta ba da shawara kada a ɗaure ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kuma ta ambaci goyo da sunansa. Ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kwantar da shi rub da ciki, yana farke, ana kallonsa, har a tara minti 30 a wuni. Ɗan shekara 1 zuwa 4 kuwa yana bukatar motsi iri-iri na awa 3 a wuni, a rarrabe, ba a tashi ɗaya ba. Ba a ce uwa ta bar aikinta ba. Tabarma a inuwa kusa da turmi ta isa.

To, bayan tafiya fa? Nan ne aikin yake. Daga shekara 3 zuwa 7 ko 8 jikin yaro ke koyon abin da zai riƙe har tsufa. Masana sun kasa wannan koyo gida uku: ɗaukar jiki daga nan zuwa can, kamar gudu da tsalle da ɗingishi a ƙafa ɗaya; sarrafa wani abu, kamar jifa da cafewa da shuri da duka da sanda; sai riƙe jiki kada ya faɗi, kamar tsayuwa a ƙafa ɗaya, juyawa, kaucewa. Waɗannan ba sa zuwa da shekaru kaɗai. Akwai babban mutum mai gemu da in ka jefa masa lemo sai ya runtse ido ya buɗe hannu biyu kamar ɗan shekara 4. Ba ciwo gare shi ba. Ba a taɓa jefa masa komai ba ne yana yaro.

Kakanninmu ba su karanta littafin kowa ba, amma sun bar mana makarantar wannan koyo cikakkiya. Ku ɗauki langa. Yaro ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, ya tsaya a ɗaya, yana tsalle cikin rairayi, yana ture abokin gaba, yana kaucewa, idonsa na kan ruwa ko ya kai gida. A cikin wasa ɗaya ga ƙarfin cinya, ga riƙe jiki, ga numfashi, ga dabara, ga aiki tare da ƴan'uwa. In malamin motsa jiki ya zauna ya ƙirƙiro wannan yau, da an ba shi lambar yabo. Rairayin Dallol Boso kuma, da ya ratsa ƙasar Kurfai, kamar don langa da kokowa aka shimfiɗa shi: faɗuwa ba ta ciwo, gudu a cikinsa kuwa na gina ƙafa fiye da gudu a tsandauri. Ku ɗauki carafke na ƴan mata: a jefa tsakuwa sama, a kwashe na ƙasa, a cafe ta kafin ta faɗi. Ido da hannu ke koyon magana da juna, kuma hannun nan shi ne zai riƙe alƙalami da allura. Ku ɗauki gaɗa, inda yarinya ke sakin jiki ta faɗa baya ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama. Ku ɗauki yaron da ke korar jan-baki a gonar hatsi da majaujawa, ko mai hawan jaki ba sirdi, ko mai hawan aduwa. Duka karatu ne, sai dai ba allo.

Kamar gugar rijiya

A 1980 wani malamin jami'a a Amurka, Vern Seefeldt, ya ce akwai wani shinge a rayuwar yaro. Wanda ya iya gudu da jifa da cafewa daidai gwargwado, ya ƙetare shingen, duk wasan manyan yara a buɗe yake gare shi. Wanda bai iya ba sai ya tsaya bayan shingen yana leƙe. A 2008 David Stodden da abokan aikinsa suka faɗaɗa maganar. Suka ce iyawa da motsi na jan juna ne, amma wanda ke ja yana sauyawa da shekaru. Lokacin da yaro ke ƙarami, yawan motsi ke kawo iyawa: ya yi ta gwadawa, ya yi ta faɗuwa, har jiki ya gane. In ya girma kaɗan sai abin ya juya: iyawa ce ke kawo motsi, domin wanda ya iya shi ke shiga fili, wanda bai iya ba ya ja baya.

Ku kwatanta da igiya a kan gungumen rijiya. In tana hawa, kowane ja na ƙara kusanto da ruwa: yaro ya iya, sai ya so, ya so sai ya yi, ya yi sai ya ƙara iyawa, jikinsa ya ƙara ƙarfi, gajiya ta rage kama shi. In ta kuɓuce kuwa, sauka take da sauri: bai iya ba, aka yi masa dariya, ya daina zuwa, abokansa suka ƙara nisa, in ya dawo sai ya tarar tazarar ta ninka.

Akwai wani wuri a cikin wannan bayani da ya kamata kowane uba ya riƙe. Ba iyawar kaɗai ke aiki ba, har da yadda yaro ke ganin kansa. Ku tambayi ɗan shekara 5 wa ya fi gudu a garin nan, zai buga ƙirji ya ce shi ne, ko da kuwa ɗan akuya na tsere masa. Wannan kurin alheri ne. Shi ke sa shi ya sake gwadawa sau ɗari. Kada ku karya masa shi. Wajen shekara 7 zuwa 9 ne idonsa ke buɗewa, ya fara auna kansa da tsaransa, ya fara jin abin da ake faɗa a kansa. In a lokacin nan sunan da ya samu shi ne "rago" ko "mai hannun kuturu" ko "buhun gero", to ya karɓa, kuma zai iya kai shi har kabari. Mu Hausawa muna da barkwanci, muna da wasan tobasai da na kakanni, kuma abu ne mai kyau. Amma ba'ar da uba ko malami ya yi wa yaro gaban tsaransa ba barkwanci ba ce, hukunci ce.

A ƙasar Ostareliya, Lisa Barnett da abokan aikinta sun auna ƴan firamare a 2000, suka sake neman su bayan shekara 6 zuwa 7 sun zama samari da ƴan mata. Sakamakon ya fito a 2009. Waɗanda suka iya jifa da cafewa da shurin ƙwallo suna yara, su aka tarar sun fi motsa jiki da suka girma. Iya gudu da tsalle kaɗai bai nuna haka ba. Me ya sa? Domin yawancin wasannin da ake yi a taru, da wani abu ake yin su a hannu ko a ƙafa, kuma wanda ba ya iya cafewa ba a zaɓarsa.

Sai dai a faɗi gaskiya: iyawa ba ita ce komai ba. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna dangantakar na nan, amma matsakaiciya ce. Yaro na iya zama gwani ya rasa fili, ko lokaci, ko izinin uba. Kuma yawancin binciken nan a ƙasashen da ake kai yaro lakwal cikin mota aka yi shi. Namu yaran dabam suke rayuwa. Wannan ya kawo mu ga tambayar da na san tana bakin da yawa daga cikinku.

"Yaranmu ai ba zaune suke ba"

Wani manomi zai ce: "Malam, ɗana tun da safe yana bayan awaki, ɗiyata ta je rijiya sau uku, ta yi daka, ta yi itace. Wane motsa jiki kuma kake nema musu?" Maganarsa na da ƙarfi. OMS ta ce a 2020 yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 na bukatar aƙalla minti 60 a wuni na motsin da ke sa numfashi ya ƙaru, zuciya ta buga, da kuma aikin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana 3 a mako. Yaron ƙauye da ke tafiya kilomita 3 zuwa lakwal ya dawo ya yi ban ruwa yakan wuce wannan awo tun kafin azahar.

Amma aiki da wasa ba abu ɗaya suke ba jiki ba. Aiki na maimaita motsi kaɗan sau dubu. Daka na ƙarfafa kafaɗa da baya, amma ba ta koyar da kaucewa ko tsalle ko cafewa. Ɗaukar jarka mai lita 20, wato kilo 20, a kan yarinya ƴar shekara 8 ba horo ba ne, nauyi ne da ya fi ƙarfin wuyanta. Sa'an nan aiki umurni ne, wasa kuwa zaɓi ne. Mutumin da bai san motsi ba sai a matsayin wahala, ran da Allah ya hore masa babur ko shago a kasuwar Filinge ko kujera a ofis a Yamai, ya zauna ke nan, kuma yana ganin ya huta. Bayan shekaru sai ga hawan jini da ciwon sukari suna sallama. Wanda ya san daɗin motsi tun yana yaro shi ne za ka gani da furfura yana neman fili da yamma.

Ƴan mata su suka fi cutuwa a nan. Yarinya da yaro suna wasa tare har wajen shekara 6 ko 7. Daga nan sai a ɗora mata goyon ƙane, da talla, da wanke-wanke, a kuma fara ce mata mace ba ta gudu, mace ba ta hawan icce. Wato a daidai shekarun da jiki ke kammala koyo, sai a rufe mata makaranta. Ba mu kaɗai ba ne. Wani babban bincike na OMS da ya fito a 2019, a kan ƴan makaranta miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin 100 ba sa samun awa gudar nan, kuma ƴan mata sun fi yawa: kashi 85, maza kashi 78. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta sa wasa da hutu cikin haƙƙin yaro a sashi na 31, ba ta kuma ce namiji kaɗai ba. Ba a ce a bar kunya ko tarbiyya ba. Gaɗa da carafke da tsallen igiya a tsakar gida ba su taɓa zubar da mutuncin kowa ba. Kuma ita yarinyar nan ce gobe za ta ɗauki ciki ta haihu. Ƙashin da ta gina kafin ta kai shekara 20 shi za ta dogara da shi.

A cikin gari kuma sabon baƙo ya shigo: salula da tele. Ga ɗan ƙasa da shekara 2, shawarar OMS ita ce kada a zaunar da shi gaban su sam. Ga ɗan shekara 2 zuwa 4, kada ya wuce awa guda a wuni.

So ba ya zuwa da bulala

Masana biyu, Edward Deci da Richard Ryan, sun yi bayani a 1985 cewa son da ke ɗorewa na tsirowa ne daga abu uku: mutum ya ji yana da zaɓi, ya ji yana iyawa, ya ji ana so ya kasance cikin jama'a. Ku auna wannan da dandali. Ba wanda ya tura yaran, su suka zaɓi wasan, su suka kafa doka, su ke raba gardama. Shi ya sa sai an fito da tsumagiya kafin su koma gida.

Yanzu ku auna shi da abin da ke faruwa a wasu makarantu. Yaro ya makara, ko bai iya karatu ba, sai a ce ya zagaya fili sau goma, ko ya yi tsallen kwaɗo har cinyarsa ta yi rawa. Malam na ganin ya koya masa zuwa da wuri. Abin da yaron ya koya shi ne gudu horo ne na masu laifi. Malamai, don Allah ku raba hukunci da motsa jiki.

Kyauta ma na da tarkonta. A 1973, a wata makarantar ƙananan yara ta jami'ar Stanford, Mark Lepper da abokansa sun ɗauki yara masu son zane da kansu. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu ba a yi musu ba. Bayan kwanaki aka ajiye kayan zane ba tare da alkawarin komai ba. Waɗanda aka saba wa kyauta sai suka yi kamar rabin abin da sauran suka yi. Abin da dā suke yi don so ya koma aikin lada, da lada ta ƙare sai aiki ya tsaya. Yabo na gaskiya ya fi alewa: "Jiya sau biyu ka cafe, yau sau biyar." Wannan na auna yaro da kansa, ba da ɗan maƙwabci ba.

Ba mu ce gasa ba ta da amfani ba. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan yankin Filinge, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ba garin da yara ba sa ɗaura ɗamara bayan kaka suna kiran kansu da sunan gwanayensu. Issaka Daboré ya kawo wa Nijar tagulla a damben zamani a Munik a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a taikwando a Riyo a 2016, kuma yara da yawa sun shiga fili saboda su. Gwani na kunna wuta. Amma takobi ɗaya ne, mai ɗaukarsa ɗaya ne a shekara. Maganarmu a kan sauran dubban ce.

Ga lissafi mai sauƙi ga malamin da ke da aji mai yara 60 da ƙwallo ɗaya. In aka yi awa guda cur, aka raba daidai, kowane yaro minti ɗaya ya samu da ƙwallon. Ba a kuwa raba daidai. Gwanaye biyar ko shida ne ke riƙe da ita, sauran na bin ƙura, ƴan mata na zaune ƙarƙashin dogon yaro. Wanda ya iya ya ƙara iyawa, wanda bai iya ba ya ƙara tabbata bai iya ba. Amma in aka naɗe tsumma aka yi ƙwallo 10, aka kasa yaran shida-shida, kowa zai taɓa ta sau da yawa cikin minti goma. Tsumma da igiyar kaba ba sa bukatar takarda daga Yamai. Haka kuma a daina barin gwanaye biyu su tsaya suna zaɓen mutane ɗaya-ɗaya. Wanda kullum shi ake zaɓa ƙarshe ya san abin da ake gaya masa.

Daɗi kuwa, daga ina yake fitowa? Daga abin da ya yi daidai da ƙarfin yaro. In ya yi sauƙi ƙwarai, ya gundure shi. In ya yi wuya ƙwarai, ya karya masa gwiwa. Ɗan shekara 4 a jefa masa babban abu mai laushi daga taku biyu. In ya saba a ja baya, a rage girman abin. A haɗa kokowa tsakanin tsara da tsara. A daina wasan da in ka faɗi sau ɗaya ka fita har a ƙare, domin mai rauni shi ke fita farko, alhali shi ya fi kowa bukatar ya daɗe a ciki. A ce wanda ya faɗi ya ƙirga ashirin ya dawo. Waƙa da tafi da kiɗa na ƙara daɗi, mun fi kowa sanin haka.

Dole mu faɗi wata magana mai nauyi. Dandalin farin wata da ya yi renon iyayenmu ba ko'ina yake ba yanzu. Rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi cikin shekarun nan, ya kuma raba iyalai da garuruwansu. Abala ta karɓi ƴan gudun hijira daga Mali tun 2012. Uban da ya hana ɗansa fita da dare yana da gaskiya. Amma in dare ya rufe, a buɗe rana. In fili ya yi nisa, a buɗe tsakar gida ko ƙofar mai unguwa, babba ɗaya ya zauna yana kallo. Yaron da ya ga tashin hankali ya fi kowa bukatar gudu da dariya cikin tsaransa. Yaron baƙi kuma a sa shi cikin wasa tun ranar farko, langa ba ta tambayar yare.

Kafin a ce rago

Makiyayan Kurfai, da ma'aikatan gidan kiwon shanun Azawak na Tukunus, sun san abu guda: ɗan maraƙi mai lafiya tsalle yake yana ɗaga wutsiya. In ya kwanta ya sunkuyar da kai, ba wanda ke ce masa rago, dubawa ake a ga me ke damunsa. Ku yi wa ɗanku adalcin da kuke yi wa maraƙi.

Jikin da ba ya da abinci yana tsimin ƙarfinsa, kuma wasa ne abu na farko da yake yankewa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2012 ta tarar kashi 73 cikin 100 na ƙananan yaran Nijar na da ƙarancin jini. Jini ke kai iska ga tsoka. In ya yi kaɗan, yaro ya yi gudu taku ashirin sai haki, sai ya nemi gindin bango. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa, ku dubi tafin hannunsa: in sun yi fari fat, ku kai shi likita. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da rashin abinci mai gina jiki su ne manyan ɓarayin jini. Wake, hanta, nama ko da kaɗan ne, ƙwai, zogale, rama da miyar kuka suna maida shi. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata cikin damina ga yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, a ba su shi har kwana ukun, kada a tsaya a na farko.

Yaron da ya wuce wata 9 bai zauna da kansa ba, ko ya wuce wata 18 bai taka ba, ko yana amfani da gefe ɗaya na jikinsa kaɗai, ko ya iya abu sa'an nan ya daina iyawa, wannan ba na jira ba ne, a nuna shi ga ma'aikacin lafiya. Mai naƙasa kuma kada a ajiye shi gefe yana tsaron takalma. Wanda ƙafarsa ta shanye yana da hannu: ya yi jifa, ya yi carafke, ya tsare gida. Makaho na bin ƙwallon da aka sa wa tsakuwa cikin gwangwani. A sauya dokar wasa ta karɓe shi.

Saura maganar rana. A watan Afrilu da Mayu zafi a Filinge na wuce awo 40, kuma yaro in wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa. A bazara wasa na safe ne kafin hantsi, da na bayan la'asar. Malami kada ya sa darasin motsa jiki da tsakar rana, ko da haka jadawali ya ce. A ajiye randa ko jarkar ruwa mai tsabta bakin fili, a sha kafin a fara, a sha a tsakiya. Yaron da ya ce kansa na ciwo, ko jiri na ɗibarsa, ko ya fara magana ba kan gado, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, in yana iya haɗiya a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In bai dawo daidai ba, sai likita ba ɓata lokaci. Da kaka kuma, kafin a buɗe filin langa da kokowa, manyan yara su bi shi da tsintsiya da manjagara su kwashe ƙarangiya da ƙayar aduwa da fasassun kwalabe, domin yawancin masu shiga ba su da takalmi.